Makaɗan da suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya

HADIZA: Bidiyon nan dai ya isa kowane zaure na WhatsApp. Ana tsakiyar kiɗa, wannan ya ɗauki gogensa ya fita, wancan ma ya bi. Har wata ta tambaye ni ko yajin aiki ne.

BALA: Ai ba ta yi nisa ba. Bidiyon na shagalin sabuwar shekarar 2009 ne a Biyana, babban birnin Ostiriya, Daniel Barenboim ke jagorantar makaɗan. Amma kiɗan na Haydn ne, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya. Simfoni ne, wato dogon kiɗa na taron makaɗa, mai lamba 45, tun 1772.

SANI: Yaya Bala, Haydn ɗin bawa ne ko me?

BALA: Baran gidan sarauta ne. Ya shiga hidimar gidan Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara talatin. Takardar aikinsa ta ce kullum ya bayyana gaban ubangidansa ya ji ko ana son kiɗa, kuma duk abin da ya tsara mallakar gidan ne. To Yarima Nikolaus, mai gidan, ya gina katafaren gida a Hangari, Eszterháza, cikin fadama, can yake zuwa da bazara. A 1772 ɗin sai ya ƙi komawa gida Eisenstadt. Matan makaɗan suna Eisenstadt, tafiyar yini guda, su kuma an tara su nan ba iyali.

HADIZA: Wata da watanni? Allah sarki.

SANI: Wa ke musu girki?

HADIZA: Kai Sani, cikinka kawai!

SANI: A'a Anti, tambaya ce. Mutum ya yi ta busa ƙaho har dare, ya koma ɗaki ba tuwo.

HADIZA: Turawa ina suka ga tuwo?

SANI: To burodi. Burodi da sanyi, ga sauron fadama.

BALA: Ku bar ni in kai ƙarshe. Makaɗan suka kai wa Haydn kuka. Shi kuwa ba ya iya tsayawa gaban yarima ya ce ranka ya daɗe mun gaji. Sai ya sa maganar cikin kiɗa. Kashi na ƙarshe yana gudu, kwatsam ya lafa. Masu busa biyu suka gama nasu, suka hure kyandir, suka fita. Haka aka yi ta raguwa har ya rage masu goge biyu, Haydn da Tomasini, shugaban masu goge. Abin da ke taɓa ni shi ne bai lalata kiɗan don ya isar da saƙo ba. Da yawa daga cikin masu fita sai da aka ba su ɗan wurin da za su yi sallama, kuma duk raguwar da ake yi, daɗin bai ragu ba.

HADIZA: Kamar makaɗan fadarmu ke nan, a gaya wa sarki gaskiya cikin habaici ba a zubar masa da girma ba.

BALA: Sosai. Yariman ya gane, washegari aka ɗaure kaya.

SANI: Da wani ubangidan ne, kora ce.

HADIZA: Mun yi alkawarin Mozart, shi ma mai tsara kiɗa, da simfoninsa uku na 1788, amma lokaci ya ci mu.

BALA: Minti ɗaya, Hadiza, mai lamba 40 kawai...

HADIZA: Sai mako mai zuwa, Yaya Bala. Masu sauraro, a huta lafiya.