Annabci Da Aikin Aunawa A Cikin Ikilisiya

(An rubuta daga faifan laccar da aka gabatar a wani taron nazarin Littafi Mai Tsarki)

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyayena dattawa, uwayenmu na zumuntar mata, matasa, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan annabci, da yadda yake bi da mai bi. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 11, daga aya 27, mu sadu da wani annabi mai suna Agabus. Ya taso daga Urushalima ya zo Antakiya, Ruhu ya nuna masa cewa babbar yunwa tana tafe. Luka, marubucin littafin, ya ce ta auku a zamanin Kalaudiyas, wanda ya mulki Roma daga shekara ta 41 zuwa 54. To, me masu bi suka yi? Ba su ruga sun ɓoye hatsi don farashi ya hau ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, aka haɗa gudummawa, aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus. Ku lura, Agabus labarin yunwa ya kawo. Shawarar abin da za a yi kuwa, ikilisiya ce ta yanke.

Yanzu ku juya zuwa sura 21, nan nake so mu ɗan daɗe. Bulus yana Kaisariya a gidan Filibus mai bishara, mutumin nan da 'ya'yansa mata huɗu suke annabci. Uwayenmu, kun ji ko? Mata huɗu a gida ɗaya. Sai ga Agabus kuma. Ya ɗauki ɗamarar Bulus, ya ɗaure nasa hannuwa da ƙafafu da ita, ya ce haka za a yi wa mai ɗamarar nan a Urushalima. Jama'a suka fashe da kuka, suna roƙon Bulus kada ya je. Har Luka yana cikin masu roƙon. Bulus ya ce a shirye yake ya mutu ma saboda sunan Yesu, balle ɗauri. Da suka ga ba zai rinjayu ba, suka yi shiru, suka bar wa Ubangiji nufinsa.

Annabcin gaskiya ne, an kuwa kama Bulus. Amma fassarar da masoyansa suka yi masa, wato “kada ka je”, daga tausayinsu ta fito. Allah ya sanar da Bulus abin da ke gabansa ne domin ya shiga da shiri. Saboda haka ko da maganar ta gaskiya ce, nauyin addu'a da tunani da biyayya yana nan a wuyanka. Ba ka miƙa wa wani mutum linzamin rayuwarka don ya ce ya gani.

Abin da ke damuna ke nan a yau. Yarinya an yi mata baiko, iyaye sun shirya, sai wani ya ce an nuna masa saurayin ba mijinta ba ne, aure ya watse. Mace ta yi ɓari sau biyu, maimakon a kai ta asibiti a duba, sai a ce mata uwar mijinta ce mayya. Tsohuwar da ta yi goyon jikoki a gidan nan, yau ko kwanon tuwonta ba a taɓawa. Sannan a miƙo 'yar kwalbar mai, a faɗi kuɗinta. Annabi Mika ya riga ya tsawata wa annabawan da suke duba saboda kuɗi, sura 3 aya 11. Elisha ma ya ƙi karɓar kyautar Na'aman, kun kuma san kuturtar da ta sami Gehazi, baran Elisha, da ya bi bayan kayan.

Kada wani ya fita ya ce malam ya hana annabci. Bulus ya faɗa wa Tasalonikawa kada su raina annabci, a wuri guda kuma ya ce su gwada kome, su riƙe mai kyau. A 1 Korintiyawa 14 aya 29, biyu ko uku su yi magana, saura su auna. Ko hatsi kika saya a kasuwa, uwata, ai sai an zuba a mudu kin gani da idonki.

Da me za a auna? Maimaitawar Shari'a 18 ta ce in maganar ba ta cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Sura 13 ta fi tsanani: ko alamar ta cika, in mutumin yana janye ka daga Allah, kada ka saurare shi. Daɗin magana kuwa ba ma'auni ba ne. A zamanin annabi Irmiya, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila, har ya cire ta itacen da ke wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Wa ba zai so jin haka ba? Irmiya ya ce shekara 70 ne, ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin addu'a. Hananiya ya yi maganarsa a wata na biyar, a wata na bakwai ya mutu.

Dattawa, roƙona gare ku ne. Daren shiga sabuwar shekara ana furta abubuwa da yawa. A samu littafi a rubuta su, da kwanan wata da sunan mai faɗa, in Disamba ta zagayo a buɗe a duba. Wanda kuma aka faɗa wa magana a kan aurensa ko lafiyarsa ko wani danginsa, ya kawo ta gaban fasto da dattawa kafin ya ɗauki mataki, ƙofarku ta zama a buɗe gare shi.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Masu tambaya, ku ɗaga hannu, mu fara daga ɓangaren mata.