Sanƙarau na Fangas: Me Ya Sa Likita Ke Ta Ɗebo Ruwa a Gadon Baya?

Tambayar da ke ta yawo ke nan: jiya an ɗebi ruwa a bayan majinyaci an yi gwaji, to me ya dawo da likita yau da wata allurar? Wasu dangin a nan suke cewa a'a, ya isa haka.

Cutar tukuna, a gurguje. Abin da ke kawo ta sunansa Cryptococcus, fangas ne da ke zama cikin ƙasa da kashin tsuntsaye, musamman tattabara. Shaƙarsa ake yi. Mai lafiya ko sani ba ya yi. Amma wanda garkuwar jikinsa ta karye, kamar mai HIV da CD4 ɗinsa (adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin jini) ya faɗi ƙasa da 200, sai fangas ɗin ya bi jini ya haye ƙwaƙwalwa. Maganin bakteriya ba ya masa komai. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a zuba maganin fangas amphotericin B nau'in liposomal ta jijiya sau ɗaya, a haɗa da flucytosine da fluconazole na kwana 14, sannan fluconazole ya ci gaba har shekara ko fiye.

To, ga inda ake ruɗewa.  Jiki na samar da ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka, kusan rabin lita kullum, kuma yana tsotse shi. Fangas ɗin da kaurin ɓawonsa sai ya toshe mafitar, kamar shara a bakin magudana. Ruwa na shigowa, ba ya fita, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, sai matsi ya taru a cikin kai. Daga nan sai ciwon kai mai tsanani, amai, gani biyu-biyu, har makanta ko mutuwa. Maganin yana kashe fangas ne a hankali, matsin kuwa ba ya jira. Saboda haka allurar farko gwaji ce, na bayanta magani ne: a zare mililita 20 zuwa 30, sau da yawa nan take mutum ya ce kansa ya yi sauƙi.

Masu tsoron shanyewar ƙafa, ga yadda ƙashin baya yake. Laka ta ƙare a sama, allurar a ƙasa da ita ake sa ta. Ruwan kuma ba ya ƙarewa, cikin 'yan awoyi jiki ya mayar da abin da aka ɗiba.

Ni a ganina, laifin rashin bayani ne, likita ya zo da doguwar allura bai ce uffan ba, wa zai yarda? Ku tambaye shi nawa matsin ya kai. In ciwon kai ko amai ya dawo, ku gaya masa a lokacin, kada ku bari sai da safe.