Wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin? Lacca kan 'yan wasan kwaikwayon Sifaniyanci a birnin New York

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan wasa da ɗalibai, ina gaishe ku. Na gode da kuka tsaya har zuwa wannan lokaci, ga zafi, ga yamma ta yi.

An ce in yi magana a kan yadda cibiyoyin al'adu na unguwa ke tallafa wa masu wasan kwaikwayo da harshen Sifaniyanci a Amurka. Zan taƙaita a birnin New York, don can na ɗan zauna, can na gani da idona. Kuma tun daga farko bari in faɗa muku inda na dosa. Mutanen nan ba su taɓa rasa gwanaye ba, ba su taɓa rasa 'yan kallo ba. Abin da suka sha wuya a kansa shi ne ɗaki. Ɗaki mai ƙofa da mabuɗi, inda za su bar kayansu su kwana, su dawo gobe su tarar da su.

Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna mutane sama da miliyan 62 ne ke da asali da ƙasashen da ake jin Sifaniyanci. Fiye da miliyan 40 kuma da shi suke magana a gida. A New York kaɗai sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Waɗanda suka fara cika unguwanni da yawa 'yan tsibirin Puerto Rico ne. Amurka ta karɓe tsibirin daga hannun Sifen a 1898, a 1917 ta ba mutanensa takardar zama 'yan ƙasa, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ta kwararowa neman aiki a masaƙu da otel-otel da ɗakunan girki. 'Yan ƙasa ne a takarda, amma idan ɗan wasansu ya je neman aiki a manyan dandalai na Broadway, ba a ba shi sai matsayin ɗan daba, ko 'yar aiki, ko mai sayar da ƙwaya. Harshensa kuwa, a ƙofa ake cewa ya ajiye shi.

Wata baiwar Allah mai suna Miriam Colón, haifaffiyar garin Ponce, ta ƙi yarda da haka. A 1953 ta fito a wasan La carreta na René Marqués, labarin iyalin da suka bar gona suka koma birnin San Juan, daga can suka faɗo New York, wahala na bin su a kowane zango. A 1967 ta ɗauki wannan wasa ta fita da shi titi, kyauta, a filayen unguwa da wuraren wasan yara, ta sa wa ƙungiyar suna Puerto Rican Traveling Theater, wato dandalin da ke yawo. Mutane na leƙowa ta tagogin benaye suna kallon labarin kansu. Abin ya yi kyau, amma ku tuna, New York gari ne da sanyi ke hana zaman waje wata da watanni. Wasan titi na lokacin zafi ne. Sai ta hango wani tsohon gidan 'yan kwana-kwana da aka daina amfani da shi a titi na 47, kusa da Broadway ɗin da ta ƙi su, ta yi shekaru tana sintiri a ofisoshin hukumar birni tana neman kuɗin gyara, har ya zama gidan wasansu. Ta rasu a 2017, gidan yana nan ana wasa, sun haɗe da ƙungiyar Pregones ta unguwar Bronx.

A kusan lokaci ɗaya wasu 'yan Kyuba biyu, Gilberto Zaldívar da René Buch, suka kafa Repertorio Español a 1968, a 1972 suka samu wani ɗan ƙaramin gidan wasa a titi na 27, kujerunsa ba su kai 150 ba, kuma har yau suna ciki. Ƙungiyar wasa ta INTAR ta fara a 1966, Thalia a unguwar Queens a 1977, Pregones a 1979. Ba zan tsaya a kan kowace ba. Ku dai lura cewa waɗanda suka ɗore duk sun samu muhalli.

To amma ƙananan fa? Mutum biyar da suka tashi daga aiki ƙarfe shida, ɗaya direban tasi, ɗaya mai shara a asibiti, suna da wasa a ransu, ba su da ko sisin hayar zaure? A nan ne cibiyar unguwa ke shigowa, kuma a nan nake so mu daɗe.

A ƙasan tsibirin Manhattan akwai unguwar Lower East Side, wadda 'yan Puerto Rico suka lanƙwasa sunanta da harshensu suke ce mata Loisaida. A shekarun 1970 birnin ya kusa tsiyacewa, masu gidaje suna gudu suna barin gidajensu, wasu ma suna cinna musu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Makarantun gwamnati aka rinƙa rufewa. Biyu daga cikinsu nake so ku riƙe a zuciya, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu a ƙasa.

Ta farko tana lamba 107 a titin Suffolk, tsohuwar makaranta mai lamba 160, ginin ƙarshen shekarun 1890, bene hawa biyar. A 1993 marubuci Edgardo Vega Yunqué da 'yan wasa biyu, Nelson Landrieu da Mateo Gómez, suka mayar da ita cibiyar al'adu, suka sa mata sunan Clemente Soto Vélez, mawallafin waƙoƙi ɗan Puerto Rico wanda aka ɗaure a kurkukun Atlanta saboda neman 'yancin tsibirinsu, wanda kuma ya rasu a shekarar 1993 ɗin. Ginin na hukumar birni ne, cibiyar haya take yi, ita kuma ta rarraba ɗakunan ga masu fasaha a farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa.

Ranar da na fara shiga, da hunturu ne, da yamma. Matakalar dutse ce, tsakiyar kowane taki ya lotse saboda ƙafafun yaran da suka hau ta shekara da shekaru. Ina hawa ina jin bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya. A hawa na biyu wata mata tana nanata jimla ɗaya a bayan ƙofa, ta faɗa da ƙarfi, ta faɗa a hankali, ta sake. Gaba kaɗan ana buga ganga. Wani ɗaki a buɗe, wani dattijo zaune a ƙasa da allura a baki yana ɗinke hannun wata 'yar tsana da ta fi shi tsawo. Allon aji yana manne a bango har yanzu, an rubuta jadawalin gwaji da alli: wannan ƙungiya shida zuwa takwas, waccan takwas zuwa goma. Wallahi na tsaya a gaban allon nan na daɗe, don na san darajarsa.

Na san darajarsa ne saboda muna samari mun yi shekara uku muna gwajin wasa a wani aji na wata makaranta a garinmu, da izinin baki. Aka canza shugaban makarantar. Wata Asabar muka zo muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, labulenmu da rawunanmu da gemun da muka yi da auduga an watso su ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ruwa ya dake su. Ba wanda ya hana mu wasa, ba wanda ya ce wasanmu ba shi da kyau. Amma kafin wata biyu ƙungiyar ta watse. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma da yawa a zauren nan na ga kuna gyaɗa kai.

Me cibiya irin ta Clemente ke yi wa ɗan wasa? Mutane na zaton kuɗi take rabawa. Ba shi ne babba ba. Tana ba shi wurin gwaji da zai iya biya. Fitilu da na'urar sauti na kowa ne, ba sai kowace ƙungiya ta sayi nata ba. Inshorar gini, da takardar 'yan kwana-kwana da ke ba da izinin tara mutane, waɗanda a Amurka in ba ka da su ba za ka tara jama'a masu yawa ba, cibiyar ce ke ɗauke da su. Sannan ga wani abu da ba a gani: yawancin masu ba da tallafi, daga Sashen Al'adu na birnin har gidauniyoyi masu zaman kansu, ƙungiya mai rajista suke ba kuɗi. Ƙaramar ƙungiyar da ba ta da lauya ba ta da akawu sai ta fake a ƙarƙashin rajistar babba, a karɓar mata, a riƙe mata lissafi. Mai bin takardun nan ba ya hawa dandali, ba a tafa masa, amma in ya yi sakaci wata ɗaya labule ba zai buɗe ba.

A cikin ginin akwai ƙungiyar wasa ta Teatro LATEA, wadda aka kafa a 1982. Akwai Teatro SEA ta Manuel Morán, masu yi wa yara wasa da 'yan tsana, abin da ya tuna mini da dabo-dabo na gargajiyarmu, sai dai su da harshe biyu suke yi, Sifaniyanci da Ingilishi, a wasa ɗaya. Na zauna kallon wani da safe, an kawo yaran firamare cikin motocin makaranta. Wata yarinya kusa da ni, ba za ta wuce shekara bakwai ba, da Ingilishi take ta surutu da ƙawarta. Da 'yar tsanar da ta fito a matsayin kaka ta yi faɗa da Sifaniyanci, sai yarinyar ta yi tsit, ta dafa ƙirji, ta juya ta gaya wa malamarsu cewa haka kakarta take magana. Wannan yarinya ta saba jin harshen gidansu a ɗakin girki da wajen faɗa. Ranar ta ji shi a ƙarƙashin fitila, mutane ɗari suna saurare shiru. Ni a ganina babu wata takardar tallafi da za ta iya auna wannan, kuma shi ya sa nake jin zafi idan aka ce wasan harshen gida ƙaramin abu ne.

Kada ku ɗauka komai lami lafiya ne a Clemente. An yi shekaru ana rigima tsakanin masu gudanarwa da wasu masu zane da ke hayar ɗakuna a sama, kan kuɗin haya da kan wa ke da iko da ginin. Tsohon gini ne, kullum da abin gyara. Amma ƙofar ba ta rufe ba.

Yanzu makaranta ta biyu. Tana titi na 9, tsohuwar makaranta mai lamba 64. A ƙarshen shekarun 1970 wasu matasan unguwa, ƙungiyar CHARAS, da Chino García da Armando Pérez a gaba, suka shiga kangon, suka kwashe shara da hannunsu, suka toshe rufi, suka sa masa suna El Bohío. Ma'anarsa bukka, irin ta ciyawa da mutanen tsibiran ke yi. Mu da muke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun fahimci sunan nan ba sai an yi mana bayani ba. Shekara ashirin ana wasa a ciki, ana rawa, ana nuna fim, ana koya wa yara sana'a. 'Yan wasa irin su Luis Guzmán da John Leguizamo sun taka dandalinsa kafin duniya ta san su.

Aikin da suka yi ne ya taimaka unguwar ta gyaru, da ta gyaru kuma ƙasa ta yi tsada. A 1998, zamanin magajin gari Rudolph Giuliani, hukuma ta sa ginin a gwanjo. Masu adawa suka shiga zauren gwanjon suka saki dubban gyare don su hargitsa cinikin, amma an buga guduma, wani ɗan kasuwar gidaje ya saye shi a kan dala miliyan 3 da dubu 150. Aka je kotu, aka yi zanga-zanga. A 1999 aka kashe Armando Pérez a Queens, bai ga ƙarshen shari'ar ba. A ƙarshen Disamba na 2001 'yan sanda suka zo suka fitar da su.

Ga tambayar da nake so ɗalibai su tafi da ita. Me ya raba makomar gine-ginen nan biyu? Ba na jin CHARAS sun fi mutanen Clemente rauni a fasaha ko a son unguwa. Hasali ma sun riga su, kuma da guminsu suka tayar da ginin. Abin da ya raba su shi ne, ɗaya hukuma ta bar shi a hannunta ta ci gaba da ba da haya, ɗaya ta ga farashi ta sayar. Shekara ashirin na aiki ba ta zama hujjar mallaka ba. Don haka idan wani jami'i ya ce muku ku shiga wancan zauren ku yi ta amfani da shi, ku gode masa, sannan ku tambaye shi shekara nawa, da sa hannun wa, kuma in ya bar kujerarsa wa zai tsaya a kan maganar. Ba rashin kunya ba ne. Miriam Colón ta yi wannan sintirin, kuma gidanta ya rayu bayanta.

Malam shugaba ya nuna mini agogo, zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi. Kafin in baro New York na sake bi ta titi na 9. A 2006 hukuma ta sa ginin cikin gine-ginen tarihi da ba a rusawa, amma fiye da shekara ashirin bayan korar ba a koma yin komai a cikinsa ba. Na tarar an kewaye shi da katako, tagogi a toshe, tattabaru suna shiga suna fita ta sama. A jikin katakon wani ya rubuta CHARAS da jan fenti, an shafe da baƙi, an sake rubutawa a kai. Daga nan na taka zuwa titin Suffolk, na iske fitilun hawa na biyu a kunne, ana gwaji.

Na gode. Baba da ke can baya, na ga hannunka tun ɗazu, bisimilla.