Takardar Bashi a Tsohon Adireshi: Wa Ya Tona Asirin Mai Bashi?

Masu kallonmu, assalamu alaikum. Mu ƙaddara cewa wani ma'aikaci ya shekara shida a gidan haya a Jekadafari, cikin garin Gombe, sannan Allah ya hore masa ya gina nasa a Tumfure, ya kwashe iyalinsa ya tare. Maƙwabta sun sani, abokan aiki sun je yi masa murna, amma bankin da ya ba shi katin bashi bai da labari, domin adireshin da ke cikin fayil ɗinsa shi ne wanda ya rubuta tun ranar da ya buɗe asusu. Da ya yi wata biyu bai biya ba, sai bankin ya aika takardar gargaɗi zuwa tsohon gidan, ɗan aike ya miƙa wa wanda ya tarar a zaure, sabon ɗan haya ya farke ambulan don ya ga ko ta waye, kuma kafin la'asar an san adadin kuɗin da ake bin bawan Allah nan a majalisar unguwa.

Katin bashi ya bambanta da katin cirar kuɗin da galibinmu muke riƙe da shi. Da katin cirar kuɗi, abin da ke cikin asusunka kake kashewa. Da katin bashi kuwa, kuɗin banki kake kashewa har zuwa iyakar da aka yanka maka, ka biya daga baya, idan ka jinkirta kuma a ɗora maka ruwa da tara. Irin wannan kati bai yawaita a Gombe ba, amma duk abin da za mu faɗa ya shafi rancen albashi da na ƙananan bankuna.

Takardar da ta ɓata hanya tana yin ɓarna ta fuska biyu a lokaci ɗaya: wanda ya kamata ya sani bai sani ba, waɗanda bai kamata su sani ba sun sani. Ta fuskar farko, bashin ba ya tsayawa don takarda ba ta iso ba. Ruwa yana ci gaba da hawa, kuma banki yana iya miƙa sunan mutum ga kamfanonin tattara tarihin bashi da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, ta yadda ranar da ya je neman wani rance a wani banki daban sai a ce masa akwai tabo a sunansa. Tun daga watan Agustan 2020 ma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire abin da yake bi daga asusun mai bashi a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, idan dai mutum ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen.

Fuska ta biyu ita ce ta fi ciwo a wurinmu. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma duk da haka babu wanda yake so a baje nasa a faifai, musamman a garin da kwatancen gida yake zama "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shago", inda takarda kan bi ta hannu uku kafin ta isa inda aka nufa. Abin da muke kira rufin asiri, doka ma ta san da shi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa NDPC, hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a. Sashe na 24 na dokar ya wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya tabbatar da cewa daidai suke, kuma ya sabunta su inda ake buƙata. Tsohon adireshi bayani ne da ya daina zama daidai. Idan aka samu fallasar da za ta iya cutar da mai bayanan, dole a sanar da hukumar cikin awa 72, kuma tarar manyan kamfanoni tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

A nan ne kuma ya kamata a yi adalci. Bankin da ba a sanar da shi tashi ba yana da hujjar cewa ya aika zuwa adireshin ƙarshe da ya sani, kuma yawancin yarjejeniyoyin rance sun ɗora wa mai karɓa nauyin sanarwa. Bankin da aka sanar a rubuce, ya karɓa, sannan ya ci gaba da aikawa tsohon gida, shi ne ba shi da madafa. Wannan yakan faru ne idan sashen da ya gyara adireshin daban, sashen karɓo bashi daban, ko kuma an miƙa aikin ga wani kamfani da tsohon fayil.

Wasu ƙasashen sun shiga har cikin ambulan. A Amurka, dokar da aka yi a 1977 ta hana kamfanonin karɓo bashi aika takarda a buɗe ba cikin ambulan ba, ko rubuta wani abu a bayan ambulan da zai nuna cewa maganar bashi ce. A Ingila kuwa, tabon rashin biya yakan zauna a tarihin mutum shekara shida, har kotu tana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa idan sammaci ya tafi tsohon gida. Mu a nan mun ga abin da ya fi haka muni daga manhajojin rance na waya, masu aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mai bashi, abin da ya sa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a 2021.

Saboda haka, wanda ya tashi daga gida ya je reshen bankinsa ya cike takardar sauya adireshi, ya nemi a buga masa hatimi a kwafinsa, ya adana, domin magana ta baka ba ta zama shaida ranar da aka shiga gardama. Dokar 2017 kan tarihin bashi ta ba kowa damar karɓar rahotonsa daga kamfanonin tattara tarihin bashi kyauta sau ɗaya a shekara, kuma a nan ake gane ko an shafa wa mutum abin da bai sani ba. Idan an riga an yi ɓarnar, a fara kai ƙorafi ga bankin a rubuce, a nemi gyara. In ya yi kunnen uwar shegu, a wuce zuwa NDPC ko sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Sai dai a sani cewa ƙorafin sirri ba ya shafe bashin, biyansa yana nan.

Shi kuma sabon ɗan hayan Jekadafari, takardar da ba sunansa ba ne a kai ba tasa ba ce. Ya rubuta a bayanta cewa mai ita ya tashi, ya mayar wa ɗan aike ba tare da ya buɗe ba, ko ya kira mai gidan ya haɗa shi da tsohon ɗan hayar.