Amsoshin Tambayoyinku: Laba nawa ne a kilo ɗaya?

Jama'a barkanmu da sake saduwa, lokaci ya ɗan ƙure mana yau, bari mu shiga wasiƙu kai tsaye.

Wani mai sauraro yana tambaya wai mene ne "lb" ɗin nan da yake gani a jikin kwali. Laba kenan malam, daga kalmar Latin libra aka gutsuro shi.

To ga tambayar da ta fi yawa, wato laba nawa ne a kilo ɗaya, mutane da dama sun turo ta, har da wata baiwar Allah da tace sikelinta ya nuna 150 ta kwana tana tunanin ta yi ƙiba. Hajiya kwantar da hankalinki, laba sikelin ke nunawa ba kilo ba, nauyinki bai wuce kilo 68 ba! Malamin lissafi na tare da mu, Malam bismillah.

"Eh to, ai laba ɗaya kilo 0.45359237 ce, a 1959 Amurka da Ingila da Kanada da wasu ƙasashe suka zauna suka tsayar da hakan, kafin nan labar kowa da ɗan bambanci, kuma abin ba wasa bane, a 1983 wani jirgin sama a Kanada mai ya ƙare masa yana cikin tafiya saboda an lissafa man da laba maimakon kilo, sai da Allah ya taimaka matuƙin ya sauke shi a garin Gimli ba a rasa rai ba..."

Malam mun gode, amma Hajiya dabara take nema. Ku saurara. Daga laba zuwa kilo, ka raba biyu, sai ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito. Laba 50, rabi 25, cire biyu da rabi, ya zama kilo 22 da rabi, kusan daidai kenan. Na sake faɗa, raba biyu, cire ɗaya cikin goma. In kuma daga kilo ne zuwa laba sai ka ninka biyu ka ƙara ɗaya cikin goma, kilo 23 ya zama laba 50 da ɗoriya.

Amma don Allah iyaye, wannan dabarar ta jakar tafiya ce. In maganin yaro ne da ake aunawa da nauyinsa, ku faɗa wa likita a fili laba ne ko kilo, domin in aka ɗauki laba 30 a matsayin kilo 30 yaron zai sha fiye da ninki biyu na abin da ya kamata. Ni wannan yafi damuna a kan komai da muka karanta yau.

Mai tambaya kan zinariya, oza ɗinta giram 31.1 ce, ba 28.35 ta sauran kaya ba, kar a ruɗe ka wajen awo.

Mai tambaya kan tan kuma, shi tan kala uku ne, na Amurka kilo 907, na Ingila 1016, wanda aka fi sani 1000 cif. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.