Kalmar "each" da yadda Turkawa ke faɗin ta: her, her biri, tanesi da ikişer

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Istanbul. Bidiyon yau na ɗalibanmu ne da ke shekarar share fage a jami'o'in Turkiyya, waɗanda ke fama da Turanci da Turkanci lokaci guda, da kuma 'yan kasuwa masu zuwa sarin kaya. Kalma ɗaya za mu ɗauka, wato "each". Ƙamus zai ce maka ma'anarta "her", ya tsaya nan. To amma aƙalla hanyoyi biyar Baturke ke bi ya faɗi abin da Bature ke nufi da ita, kuma idan ka ɗauki wadda ba ita ba, a wani wurin kuɗi ne zai salwanta.

Aikinta na farko shi ne ta zo gaban suna: "each student", kowane ɗalibi. A Turkanci "her öğrenci" ne, ko "her bir öğrenci" idan ana son a nuna ɗaya bayan ɗaya ake nufi. Turanci da Turkanci da Hausa sun yi tarayya a ƙa'ida guda: sunan tilo ne, ba jam'i ba. Ba a cewa "each students", ba a cewa "her öğrenciler". Mu Hausawa ma mun fi su aiki, tunda sai mun zaɓa tsakanin kowane da kowace, su kuwa "her" ɗin nan ba ruwanta da namiji ko mace. Ku lura kuma, "her" guda ce ke ɗaukar "each" da "every" duka biyun. Shi ya sa Turkawa kansu ke rikita su a jarrabawa irin YDS, wato jarrabawar gwada sanin harshen waje ta Turkiyya. Ga bambancin: "each" tana aiki daga abu biyu zuwa sama, kamar "each hand", ita kuwa "every" sai daga uku. Ana cewa "almost every day", ba a cewa "almost each day". Sannan "every" ba ta tsayawa ita kaɗai, don haka "every of them" kuskure ne, sai dai "every one of them".

Na biyu, idan ta tsaya a madadin suna: "each of them", kowannensu. Wannan shi ne "her biri". Kowannenmu "her birimiz", kowannenku "her biriniz". A Turanci aikatau tilo yake bi, "each of them has", ba "have" ba, sai fa idan ta biyo bayan jam'i, kamar "they each have". A Turkanci kuwa inda ake tuntuɓe shi ne wajen ɗafa wa "her biri" ɗafi, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, domin harafin n yana shiga tsakani: "her birine" ga kowannensu, "her birinden" daga kowannensu, "her birinde" a cikin kowannensu. Wanda ya ce "her biriye" ya manta da n ɗin nan ne.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Bature ya ce "I gave them five lira each". Bahaushe ba ya neman wata kalma dabam, maimaitawa kawai yake yi: na ba su lira biyar-biyar. To Turkanci yana da abin da ya yi daidai da wannan, ɗafi ne da ake liƙa wa lamba. Idan lambar ta ƙare da baƙi, sai a sa -er ko -ar. Idan ta ƙare da wasali, sai -şer ko -şar, kuma ş ɗin nan sh ce irin ta shayi. Ku dubi allo: birer ɗai-ɗai, ikişer bibbiyu, üçer uku-uku, dörder huɗu-huɗu, beşer biyar-biyar, altışar, yedişer, sekizer, dokuzar, onar goma-goma, yirmişer, yüzer ɗari-ɗari. A lura da huɗu: dört ce, amma t ta yi laushi ta koma d. Saboda haka jumlar can ita ce "beşer lira verdim". Shawarata a nan, kada ka bi ta Turanci kwata-kwata. Duk inda bakinka zai maimaita lamba a Hausa, sa wannan ɗafin, ba za ka ɓata ba.

Abin da ya sa na nace shi ne lissafi. "Üç kişiye yüz lira verdim" na nufin mutum uku sun raba lira 100. "Üç kişiye yüzer lira verdim" kuwa lira 300 ne suka fita daga aljihunka. Harafi biyu kacal ne tsakaninsu. A rubutu kuma, hukumar kula da harshen Turkanci, TDK, ta ce da haruffa ake rubuta su, wato "ikişer", ba a sa 2 a liƙa mata ɗafi. Kada kuma "beşer" ta ruɗe ku idan kun gan ta a littafin addini, akwai wata mai irin rubutunta da aka aro daga Larabci, ma'anarta ɗan Adam.

A kasuwa abin ya sake salo. Idan farashin guda ɗaya ake nufi, "ten lira each", mai kaya "tanesi on lira" zai ce. Kai kuma tambayarka "tanesi kaç lira?", wato guda nawa. Abin da ake aunawa kuma "kilosu". Mai sarin kaya ya tabbata ya ji "tanesi" da kunnensa kafin ya ce ya saya, domin farashin da aka faɗa masa yana iya zama na ƙunshi ne, wanda suke kira "paketi". Idan kuma mutane ake lissafawa, a gidan abinci ko wajen raba kuɗin haya, "kişi başı" ake cewa, kuɗin kowane mutum ɗaya.

"Each other" ba ta da alaƙa da "her" sam. Juna ce, kuma Turkancinta "birbiri": "birbirimizi tanıyoruz", mun san juna.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi muhimmanci a kantin magani. "Every eight hours" ba a fara ta da "her" dole, abin da za ka ji shi ne "sekiz saatte bir", sau ɗaya duk bayan awa 8. "İki günde bir" duk bayan kwana biyu. "Sabah akşam birer tane" kuwa ɗai-ɗai safe da yamma, ƙwaya biyu ke nan a rana.

Korewa ma tana da tarko. "Her öğrenci gelmedi" yawanci yana nufin ba kowane ɗalibi ne ya zo ba, wasu sun zo. Idan babu wanda ya zo ko ɗaya, "hiçbiri gelmedi" za ka ce, a Turanci kuma "none of them came". Wajen rubutu, "herkes" da "hiçbiri" a haɗe suke, amma "her biri", "her gün" da "her şey" a rabe, kuma malaman TÖMER, wato cibiyoyin koyar da Turkanci, suna jan layi a kan wannan idan suna duba rubutu.