Maza da mata a lissafi: inda gizo ke saƙar

Masu sauraro, a watan Janairun 2005 shugaban jami'ar Harvard ta Amurka, Lawrence Summers, ya tayar da ƙurar da har yau ba ta lafa ba. Ya ce mai yiwuwa ƙarancin mata a manyan muƙaman kimiyya yana da nasaba da yadda hazaƙar maza a lissafi ta fi ta mata bazuwa. Wato in aka yi jarrabawa, maza sun fi yawa cikin zakaru, sun kuma fi yawa cikin 'yan baya.

Ba za a ce maganar ba ta da tushe ba. A 2008 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Janet Hyde, da abokan aikinta sun duba makin ɗalibai kusan miliyan 7 a jihohi 10 na Amurka. Matsakaicin makin mata da na maza kunnen doki ne, amma na maza ya ɗan fi bazuwa, da kashi 11 zuwa 21 cikin 100. Bambancin yana nan, sai dai ƙarami ne.

Gardamar tana kan dalili. Halitta ce, ko tarbiyya da makaranta? A nan ne nake ganin masu cewa halitta ce kaɗai suke da jan aiki. A 1983 wasu masu bincike a Amurka, Camilla Benbow da Julian Stanley, sun gano cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara 13 da suka ci maki 700 ko fiye a lissafin jarrabawar SAT ta shiga jami'a a Amurka, kowace mace ɗaya akwai maza 13. Bayan 'yan shekaru ƙalilan, a cikin shekarun 1990, adadin ya faɗo zuwa maza kusan 4 ga kowace mace ɗaya. Jinin ɗan Adam bai canza ba a wannan ɗan tsakani. Mai yiwuwa abin da ya canza shi ne yawan 'yan matan da ake bari, ake kuma ƙarfafa wa gwiwa, su shiga azuzuwan lissafi mai zurfi. Haka kuma jarrabawar ƙasa da ƙasa irin su PISA da TIMSS sun nuna giɓin da ke tsakanin maza da mata yana faɗi a wata ƙasa, ya tsuke a wata.

Masu ɗaya ra'ayin suna da amsa, kuma ta cancanci a saurare ta: giɓin ya ragu amma bai rufe ba, kuma a mafi yawan ƙasashe makin maza ne ya fi bazuwa. To amma ko da hakan ya tabbata, bazuwar da Hyde ta auna ba ta kai ta bayyana irin ƙarancin matan da ake gani a sassan injiniya da kimiyyar lissafi na jami'o'i ba. Wannan ragowar giɓin shi ne abin da ya kamata masu bincike su sa wa ido yanzu.